Inda Mai Shiƙa Ke Tsayawa

Duk jirgin da ya gifta ta saman Gummi, a wurin Inna na alhazai ne. Ko da azumi ne, ko ana tsakiyar damina, in ta ji ƙuginsa ta ɗaga kai ta hango farin layin nan da yake bari a baya, sai ta ce, "Allah shi kai ku lahiya, Allah shi kira mu." Ni kuwa tun ina 'yar firamare ba alhazan ne suka dame ni ba. Abin da ke cina shi ne yadda ƙarfe mai nauyin nan yake zama a sama, alhali murfin tukunya in na wurga shi ko katangar gidanmu ba ya tsallakewa. Sai da na lanƙwasa murafai uku kafin Inna ta gano mai yi mata ɓarna, ranar kuwa na sha ranƙwashi har kaina ya yi ƙulu.

Inna maguɗiya ce. A unguwarmu ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a ce biki ya yi biki sai ta je. In ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗan karkata kai ta saki guɗa, har masunta a bakin gulbi sai sun san an yi abin alheri a wani gida. An taɓa aiko mashin takanas daga Bukkuyum ya ɗauke ta, don uwar amarya ta rantse ba mai yi wa 'yarta guɗa sai ita. Ba ta ɗauki abin sana'a ba. Shi ne dai abin da take taƙama da shi a duniya, kuma ta san ta isa. Ranar da na sami gurbin karatun injiniya a jami'a dangi suka yi ta gunaguni, wai me ya haɗa 'ya mace da baƙin mai. Inna ba ta yi musu da kowa ba. Tashi ta yi a tsakar gida, kusa da turmi, ta rangaɗa guɗar da ta rufe bakin kowa, sannan ta dube ni ta ce, "Wagga somin taɓi ta. Babbar tana nan aje, sai ranar da kinka ƙare."

Abu ɗaya ne ke cin muryar nan, shi ne shiƙa. Muna noman shinkafar rani a fadama, ana yanke ta cikin bazara. Maza su buge ta a jikin duro, su tara, saura aikin mata. Mace ta cika ƙwarya, ta ɗaga sama da kanta, ta zubo a hankali, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo a tabarma. A baki abin da sauƙi. Amma iskar bazara marowaciya ce. Sai ki ga mace tsaye da ƙwarya a sama, hannu na rawa, tana jiran iska kamar mai jiran mota. In ta ga dama ta zo, wani lokacin sai ta juya ba sallama ta watsa mata ƙaiƙayin a fuska. Duk shekara bayan shiƙa muryar Inna sai ta dishe. Da mako biyu take yi ta dawo, daga baya ya koma wata guda har da ɗoriya. Ta sha citta, ta sha zuma, ta kuskure da kanwa, tana zaune gida ana biki a maƙwabta, ranta a ɓace.

Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa bari na ɗaga ƙwaryar ba. In na matso sai ta kore ni da hannu. "Ke dai riƙe littahinki. Wahalag ga ta tsaya kaina." Haka na tashi a tsakiyar masu shiƙa, na san ƙaiƙayinta a wuya, na san warinta, amma ban taɓa yi ba.

A jami'armu babu sashen jiragen sama, sai na shiga na injuna, na ce da babu gara ba daɗi. Abin da aji bai ba ni ba na neme shi a laburare da waya. Tarihin tashi sama ya zame mini kamar goro a bakin tsohuwa. Na karanta labarin waɗanda suka ɗaura wa kansu fukafukai suka diro daga hasumiya suka kakkarye. Na karanta na wasu masu gyaran keke biyu, wa da ƙane, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji, da suka gane farfela ba komai ba ce illa fiffike mai juyawa, suka zauna suka sassaƙa tasu da hannu. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na matan da suka fara tuƙa jirage. An ƙera kujerar matuƙi da awon jikin maza, don maza ne suka zana ta, maza kuma aka auna. Mace ta shiga, ƙafarta ba ta kai inda ake takawa ba, sai ta cusa matashi a bayanta. Abin da ake rufe hanci da baki da shi don shaƙar iska ya yi wa fuskarta yawa, iskar na zurarewa ta gefe. Ba wanda ya yi niyyar cutar da su. Ba su dai faɗo wa kowa a rai ba lokacin da tef ɗin awo ke hannu.

Wannan labari ya ba ni haushi, kuma ya yi mini daɗi, don ya ba ni sandar duka. Mu uku ne mata a ajinmu, kuma ni ce mai bakin cikinmu. A makon ɗalibai na sashenmu na tsaya gaban zaure cike da maza na zazzage musu shi tas. Na nuna su da yatsa na ce, "Kafin ku ƙera abu, ku tambayi kanku, wa kuka auna?" Aka yi tafi har da masu fito. Na sauko kaina ya kumbura, ina tafiya ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin injuna, inda muke koyon walda da yankan ƙarfe. Mutumin Anka ne, gajere, yatsansa ɗaya guntu. Ranar farko na zo da hijabina har gwiwa, ya tare ƙofa da hannu.

"Ɗiyata, ba ki shiga da wanga."

Nan take na hau. "Baba, addinina ne fa!"

"Ni ma Musulmi na, na riga ki hwara salla da shekara arba'in," ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba. "Amma inji bai san alwala ba. Duk abin da ka lilo, nashi na."

Har ofishin shugaban sashe na kai ƙara. Aka sasanta a kan in riƙa sa ƙaramin hijabi mai kama kai, in cusa shi cikin rigar aiki, in ɓalle maɓalli har wuya. Shekara biyar ina haka, har hannuna ya saba, yana cusawa ba tare da na sani ba. Dattijon kuwa na sa shi a layin masu baƙin ciki da ci gaban mata. A jawabin nan nawa ma sai da na yi masa habaici, yana zaune can baya yana jan carbi.

Da muka kai ajin ƙarshe aka ce kowa ya kawo abin da zai ƙera, ban yi dogon tunani ba. Injin shiƙa. In iska ta ƙi zuwa, ni zan yi wa Inna tata iskar, mai tafiya hanya ɗaya, wadda ba ta juyawa ta watsa wa mutum ƙaiƙayi. Na zana farfela mai fukafukai uku, kowanne da murɗinsa irin na jirgi. Ƙaramin inji ne zai juya ta da bel, irin injin ban ruwan da duk manomin fadama ya sani. Tsayin abin duka ya kai ƙirjin mutum. Na sa raga a gaba don kada hannu ya shiga. Dattijon da kansa ya yanko wata ragar ya ɗaure a baya, ta inda farfela ke zuƙo iska, inda bel yake, bai ko tambaye ni ba.

Ranar gwaji muka sa na'urar auna ƙarfin iska, lambar da ta nuna ba ta kai wadda na lissafa a takarda ba. Raina ya ɓaci. Na zagaya, na kwance ragar baya, muka sake tayarwa. Lamba ta haura har ta wuce lissafina. Na yi tsalle kamar yarinya. 'Yan ajinmu biyu, dogaye, cikin rigar aiki, suka tsaya a gefen injin inda na shafa fenti rawaya a ƙasa, suka riƙa zuba shinkafa da bokiti. Ƙaiƙayi ya tafi can, tsaba ta zubo nan, ba abin da ya rage sai godiya.

Dattijon ya zo ya tsaya, hannu a baya.

"Mayar da ragag ga."

"Baba, tana cinye mini iska. Kuma ba mai zuwa baya, ga wurin tsayuwa nan na shata."

Ya dube ni. "Kin taɓa shiƙa?"

"A gidan shiƙa aka haife ni," na ce.

Gaskiya na faɗa, kuma ƙarya na yi, duk a numfashi ɗaya. Ya kaɗa kai ya tafi. Ranar da malamai suka zo dubawa na mayar da ragar don kada a yi mini surutu. Da hutu ya zo za a ɗora injin a mota zuwa Gummi, na sake kwance ta, na tura ta ƙarƙashin gadona a ɗakin kwanan ɗalibai. So nake matan unguwarmu su ga iskar gaba ɗayanta.

Na iso ana tsakiyar bugun shinkafa. A amalanken shanu aka kai injin fadama, yara na biye. Da hantsi mata sun taru sun fi ashirin, wasu ma ba gonarsu ba ce, kallo ya kawo su. Cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ta baro Zugu ta dawo wurinmu tun da zaman can ya gagara. Mace ce marar magana. Awakinta biyu da ta tsira da su su ne duniyarta, shi ya sa kullum da lauje a hannunta tana yankar musu ciyawa.

Inna in za ta aiki tsohon hijabi take sawa, ta tattare jelarsa ta ɗaure a ƙugu. Ranar nan sai ga ta cikin shuɗin hijabinta na biki, mai sulɓi, har idon sawu. Wata ta tsokane ta, "Yau wa anka haihwa?" Ta ce, "Yau ranar ɗiyata ta, ba ni zuwa da tsumma." Ba ta ɗaure shi ba, don kada ya yamutse.

Na ja igiya, inji ya tashi. Farfela ta ɗauka, iska ta fito ta kwantar da ciyawar gabanta. Mata suka ja da baya suna salati, wata na cewa ikon Allah, iska ba hadari. Na cika ƙwarya, na tsaya a gefe kamar yadda na tsara, na zuba a karkace, rabi a tabarma rabi a ƙafata. Duk da haka ƙaiƙayi ya yi tafiyarsa can nesa. Inna ta kama hanci ta saki wata 'yar gajeriyar guɗa, ta saki hancin, tana dariya. Ta matso kunnena saboda ƙarar inji ta ce, "Kak ki sa rai, babbar ba yau ba." Na nuna mata gefen da za ta tsaya, sau ɗaya, da hannu. Ta gyaɗa kai ta sunkuya cika ƙwarya.

Ni kuma sai na juya wa injin baya. Ga jama'a, ga ni, ina zan iya yin shiru? Na fara ba matan labarin masu gyaran keke, ina ɗaga murya, ina kwatanta murɗin fiffike da tafin hannu.

Abin da ban sani ba, wanda duk yarinya 'yar shekara goma a wurin ta sani, shi ne mai shiƙa ba ta tsayawa inda aka nuna mata. Iska take ba baya. Ta inda iska ke fitowa nan take tsayawa, don ƙaiƙayi ya tafi gabanta ya bar ta. Ƙafafun Inna sun shekara arba'in suna neman wannan wuri da kansu. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta zagaya bayan injin, ta miƙa hannu ta samansa za ta zuba.

Ƙarar injin ce ta fara canjawa, ta yi nauyi kamar an shaƙe shi. Sai na ga fuskokin matan da ke gabana sun canja gaba ɗaya, bakuna a buɗe, ba mai kallona. Na juya.

Shuɗin hijabin ya shige cikin injin. Farfela ta zuƙe jelarsa, ƙarfen da ke juya ta ya naɗe shi, yana ci gaba da naɗewa. Kan Inna ya sunkuyo har kumatunta ya manne da ƙarfe, wuyan hijabin ya zama igiya a maƙogwaronta. Hannayenta biyu na kan wuyan tana ja. Bel na zamewa yana kuka, yana hayaƙi. Ba ta yi ihu ba, don ba ta inda ihun zai fito. Idanunta ne kawai suka fito, kuma ni suke kallo.

Ni na zana injin nan. Ni na zaɓi inda makunninsa zai zauna, ni na ɗaure shi da hannuna. Wallahi a wannan lokacin ban san inda yake ba. Na tsaya kamar an dasa ni, hannuna na nan a sama yadda nake kwatanta fiffike. Ina gani, ina ji, jikina ya ƙi nawa. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji na tsani kaina.

Gwaggo ce ta wuce ni kamar walƙiya. Ta cusa laujenta tsakanin wuyan Inna da ƙarfe, ta ja sau ɗaya, ta ja na biyu, yadin ya yage. Inna ta faɗi da baya. Injin ya samu sakewa ya yi wani irin ruri, guntun shuɗin yadi na kaɗawa a cikinsa fat-fat-fat. Sai a lokacin ƙafata ta ɗaga. Na fizge wayar fulogi da hannu, wuta ta ja ni har kafaɗa, injin ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Inna na kwance kan shinkafa, ƙwarya ta fashe gefenta. Wani jan layi ya zagaye wuyanta, numfashinta na fita da fito kamar na mai asma. Mata suka ɗauki innalillahi. Ni ina tsaye baki buɗe, sai da Gwaggo ta ɗauke ni da mari.

"Ke! Riƙa kanta! Tsaye za ki yi ta mutu?"

Tun da ta zo gidanmu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

Daga asibitin garinmu aka tura mu babban asibiti a birni. Kwana tara muka yi. Likitan ya kira ni gefe, da yake an ce masa ni ce 'yar boko, ya nuna mini hoto ya ce akwatin muryarta ne ya murƙushe. Numfashi zai daidaita, in ji shi, magana ma za ta dawo, amma ƙasa-ƙasa, mu gode wa Allah da aka yanke yadin da wuri. Na ce, "Guɗa fa?" Ya dube ni kamar ya ga mahaukaciya. Bai san wadda ke kwance a gadon nan ba.

Da muka dawo gida mata suka yi ta zuwa sannu. Inna na jingine da bango, wuya a naɗe, muryarta kamar ana jan buhu a ƙasa. Duk wadda ta shigo sai ta yafito ta kusa ta ce mata, "Laihina na. Yarinya ta gwada min wurin tsayi, ni ta nib bi ta baya." Ta faɗa wa babanmu haka, ta faɗa wa dangin da suka zo da guntun murmushinsu na dama mun faɗa. Kowace faɗa kamar ana ɗiga mini ruwan zafi. Na fi son ta zage ni, ta tsine wa bokon da injin gaba ɗaya.

Rana ta huɗu na kasa daurewa. Bayan la'asar, ba kowa a ɗakin, na durƙusa gabanta na faɗa mata komai. Na ce akwai raga. Na ce dattijo ya sa, ni na cire, ya ce in mayar na ƙi, tana can ƙarƙashin gadona. Na ce don lamba ta haura na yi, don a ce na iya. Ina faɗa ina kuka har majina.

Ta kau da kai tana kallon ƙofa. Na ga ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Can ta ce, "Ragar tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"To ki mayar."

Washegari ta sa aka shimfiɗa tabarma a bayan gida, aka juye buhu ɗaya da ba a shiƙe ba. Ta miƙo mini ƙwarya. Na cika, na ɗaga, na tsaya yadda na ga dama. Ta taso a hankali, ta ɗebi ƙasa ta saki ta ga inda ta nufa, sannan ta kama kafaɗuna da hannu biyu ta juya ni har na ji iska a ƙeyata.

"Nan mai shiƙa ka tsayi," ta ce.

Kwana uku ina shiƙar buhun nan da wasu biyu. Hannuna ya yi tsami, wuyana ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi. Ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. In iska ta juya na tsaya sororo, sai ta buga ƙwarya da sanda, in zagaya. Kafin kwana na uku ƙafafuna sun fara zagayawa da kansu. Na kuma lura da abin da idona ya gani shekara ashirin bai gani ba: yadda zani ke kaɗawa, yadda mai goyo ke karkata don kare ɗanta, yadda hijabi ke cika da iska ya yi gaba kafin mai shi.

Da na koma makaranta ɗakin injuna na fara zuwa. Na sami dattijon yana goge ƙarfe, na gaishe shi har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗa masa. Na shirya jin "ai na hwaɗa miki", na ma fi son in ji. Bai faɗa ba. Ya zauna kan benci, ya cire hula ya riƙe, ya yi salati. Ya tambayi jikinta. Sannan ya ce, "Tahi ki ɗauko ragar."

Wata biyu muka yi muna sake injin. Muka rufe bel da ƙarfen juyawa cikin akwati, muka sa raga mai ƙananan idanu, muka mayar da wurin tsayuwa baya inda Inna ta tsaya, muka sa makunni babba ja wanda ko da gwiwa za a iya bugewa. Ranar gwaji ya ce kada in kira dogayen nan na ajinmu. Ya ce in je in sako hijabina mafi tsawo, in sake shi yadda yake. Sau ɗaya ke nan a shekara biyar da ya bar ni na shiga ɗakin da shi. Ya tsaya hannunsa kan makunni, ni kuma na zagaya baya na ɗaga ƙwarya. Iska ta ja yadin ya manne da raga, ya tsaya nan. Lambar iska ta sauka sosai, makin da na samu ma tsaka-tsaki ne. Da 'yan matan ajin ƙasa suka zo roƙona in sake jawabin nan a makon ɗalibai, na ce su nemi wata.

Sakamako ya fito, na gama. Aka yi walima a gida, tsakar gida ta cika da mata har zaure. An ci, an sha, an yi addu'a, sai wuri ya yi wani irin shiru. Lokacin guɗa ne, kowa ya sani. Akwai masu iyawa a wurin, amma a unguwarmu ba macen da ke riga Inna, kuma ba wadda ta iya zama ta farko da za ta nuna an daina jiranta. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyara mayafi.

Inna ta tashi. Ta taka zuwa kusa da turmi, daidai inda ta tsaya shekara biyar da suka wuce. Ta kama hancinta da yatsu biyu, ta karkata kai, ta buɗe baki.

Iska ce ta fito, siririya, kamar ta tayar keke da ƙaya ta huda. Jijiyoyin wuyanta suka tashi a kan tabon. Ba ta tsaya ba. Ta ja ta, ta ja ta, harshenta na kaɗawa, har iyakar tsawon da ta yi niyya tun ranar da ta ajiye babbar guɗar. Ba wadda ta motsa. Gwaggo ta rufe fuska da gefen zani.

Da numfashinta ya ƙare ta saki hancin, ta nemo ni da ido cikin mutane, ta yafito ni. Na je na kai kunnena bakinta.

"Kin ji ta?"

Na ce, "Na ji, Inna."